Rance Mai Kyau Shi Ne Jarin Talaka

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar 2024. Wanda abin ya fi yi wa illa shi ne mai ƙaramin jari, watau mai ƙosai da mai tireda da ɗan koli, waɗanda tilas ta sa suka cinye uwar kuɗi. Irin waɗannan bayin Allah ba sadakar yini ɗaya suke bukata ba, jari suke bukata.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani Ba'ansare ya zo roƙo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sai ya sayar da 'yan kayan mutumin dirhami biyu, ya ce ya sayi abinci da ɗaya, gatari da ɗaya, ya tafi saran itace. Bayan kwana goma sha biyar ya komo da dirhami goma.

To, ina talaka zai sami gatarinsa yau? Ƙananan bankuna suna ba da bashi, amma galibinsu da ruwa, alhali kuwa aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta halatta ciniki, ta haramta riba. Gwamnati ta gwada nata, kamar shirin TraderMoni na 2018 mai ba da Naira 10,000 ba ruwa, amma tallafin hukuma ba ya isa ko'ina, wasu kuma sukan ɗauke shi ganima.

A birnin Lahore na ƙasar Pakistan, Dakta Amjad Saqib ya kafa ƙungiyar Akhuwat a 2001, tana ba da rance ba ruwa, a cikin masallatai ake raba shi, kusan dukan masu karɓa kuwa suna biya. Mu da muka gaji adashi, me zai hana mu? In 'yan kasuwa da ma'aikata ɗari na unguwa guda suka riƙa zuba Naira 2,000 kowane wata, an tara Naira 200,000 ke nan, jarin mutum huɗu na Naira 50,000, wanda in ya komo sai a miƙa wa wasu.

Sai dai a kiyaye sharuɗɗa. A rubuta bashi, a kafa shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta yi umurni. Kada a shardanta ƙari, ko da an sa masa suna tukuici. Kada a gauraya asusun da zakka, domin ita mallaka wa mabukaci ake yi, ba ranta masa ba. Wanda ya shiga ƙunci a yi masa jinkiri, bisa aya ta 280. Amma mai hali da ya ƙi biya, lalle ya sani ba masu asusu kaɗai ya zalunta ba, har da gwauruwar da ke jiran kuɗin su komo ta sayi garin wake.

Liman da shugaban kasuwa, ku ne za ku fara. Allah ya sa mu dace, amin.