Sabon Maganin Dajin Mama da Matan Batsari

Ciwon dajin mama iri-iri ne. Akwai wani mai saurin yaɗuwa, wanda magungunan toshe sinadaran jikin mace ba sa kama shi. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade ya nuna cewa irin wannan ya fi yawa ga matan Afirka ta Yamma bisa ga Turawa.

Maganin daji na asibiti kan mai uwa da wabi yake yi, ya kashe ƙwayar cuta ya haɗa da lafiyayyiya, shi ya sa gashi ke zubewa, jini ya ragu. Don haka masana suka fito da dabarar nano, wato a ƙunshe maganin cikin 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, waɗanda sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi. Jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin suna yoyo, sai ƙwayoyin su ratsa ta nan su taru a kansa. Amurka ta amince da Doxil a 1995, da Abraxane a 2005. A Abuja ma Farfesa Wole Soboyejo da ɗalibansa sun gwada wannan hanya a ɗakin bincike.

Lalle abin yabo ne. Amma fa duk kyan magani, sai mai ciwo ta zo da wuri zai yi mata rana. Matar da ta ji kulu a mamanta a ƙauyukan Batsari ko Safana, kunya kan hana ta faɗa ko da ga mijinta. In ta faɗa, a ce sammu ne, a nufi mai saiwoyi. Ga rashin kuɗi, ga tsoron 'yan bindiga a hanyoyin da ke maƙwabtaka da Dajin Rugu. An buɗe cibiyar masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025, to amma wadda ta isa can bayan ƙari ya fashe, me nano zai tsinana mata?

A nan ne aikin Sashen Hausa ya shigo. Wajibi ne malamai da ɗalibai su samar da kalmomin da ungozoma da malamar asibiti za su yi wa mata bayanin duba mama da su ba tare da an ji nauyi ba, a kuma yaɗa su ta rediyo da makarantun Islamiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.