RA'AYI: Na ci piza a Kano, na tuna da cukun Damargu

Makonni uku da suka wuce aiki ya kai ni Kano, sai na yi kiciɓis da abokin wasana, ɗan kawuna, wanda ya shekara huɗu yana aikin gini a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya. Ya zo haɗa kayan lefe ne kafin ya wuce gida Tanut. Bayan sallar magariba ya dube ni ya ce, "Ɗan jarida, tashi, yau zan wanke maka ƙauyanci." Ya ja ni tare da wani abokinsa zuwa wani katafaren kantin zamani, muka shiga gidan cin abinci irin na Turawa da ke ciki.

Ba zan ɓoye ba, wurin ya burge ni. Sanyin na'ura ya tarbe mu tun daga ƙofa, tebura a goge, babu ƙuda ko ɗaya. Wani matashi sanye da kayan aiki fes ya miƙo mana takardar jerin abinci, kowane da farashinsa a gefe. Muka sa aka kawo piza babba, da taliya mai miyar tumatir, da lemo. Da aka kawo takardar biya muka juya kuɗin zuwa sefa, sai ga shi ya tasar wa jaka 25. A Nijar mafi ƙarancin albashin da doka ta amince da shi tun watan Janairun 2024 jaka 42 ne. Ke nan cikin awa ɗaya da rabi mu uku mun haɗiye fiye da rabin albashin wata na ƙaramin ma'aikaci.

Sai dai ba kuɗin ne ya hana ni barci ba a daren. Kafin kowa ya kai loma baki, ɗan kawuna ya ce a dakata. Ya ɗauki hoto, ya gyara zaman cokali mai yatsu, ya sake ɗauka, sannan ya ɗora a WhatsApp. Ba a yi minti goma ba saƙonni suka fara shigowa daga Tanut da Belbeji. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙanensa, ɗan aji uku a kwaleji, wanda ya rubuto: "Yaya, don Allah bana ka tafi da ni."

Yaron bai ga kangon da yayansa ya kwana a ciki tsawon shekara biyu ba. Bai ga ranakun burodi da shayi safe da dare ba, balle ayarin motocin da ke maido da 'yan Nijar daga Aljeriya ta Assamaka, wasu ko takalmi babu. Piza kawai ya gani. Wannan ita ce illar hoton teburin Turawa: awa ɗaya yake nunawa, ya ɓoye shekara huɗu.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ban ce cin abinci a irin waɗannan wurare laifi ne ba. Wanda ya yi gumi ya sami halalinsa yana da damar ya ji daɗi, kuma ni ma na cinye rabona ban rage ba. Abin da ke damuna shi ne muna shiga waɗannan wurare mu fito da hoto, mu baro darasin a kan tebur.

Me muka biya wa jaka 25? Garin alkama, tumatir, cuku da ɗan mai. Da a ce kasuwa muka shiga muka sayi waɗannan, da canji mai yawa ya dawo aljihu. Sauran kuɗin na tsafta ne, da tsari, da suna. Ita kanta piza abincin talakawan birnin Napoli ne a Italiya, irin wanda lebura ke saya a bakin titi ya ci a tsaye. Italiyawa ba su ji kunyarta ba. Suka gyara ta, suka kafa mata ƙa'idoji, har a shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu gasa ta a Napoli cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Cukunsu mai suna Parmigiano kuwa, doka ta hana wanda ba a yankinsa na asali ya yi shi ba ya sayar da shi da wannan suna a Tarayyar Turai.

Maƙwabtanmu ma sun gane wannan hanya. Dafa-dukar shinkafa da kifi ta Senegal ta shiga jerin na UNESCO a 2021, acaken Kodebuwa, wanda da rogo ake yin sa, ya shiga a 2024. A nan gida ma, hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a Afirka ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista da sunan asalinsu. Ashe ba abu ne da ya fi ƙarfinmu ba.

To, mu dawo Damargu. A watan Janairun 1851, Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa yankinmu tare da ayarin gishirin Abzinawa, ya kuma rubuta yadda Abzin ta dogara da hatsin Damargu. Da hatsin nan ne ayari ke zuwa Bilma da Fashi ya musanyo gishiri da dabino. Damargu ita ce inda gona ta yi iyaka da makiyaya: ga manomi da rumbunsa, ga Bafulatani da Ba'abzine da garkensu. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Bakin Birji ya ga irin dabbobin da ake lodawa zuwa kudu. Muna da hatsi, muna da nono, muna da nama, muna da cuku wanda matan makiyaya ke shanyawa a kan asabari, ya yi watanni bai lalace ba.

Amma yaya muke sayar da su? Cukun da ya kamata ya zama tambarinmu, a tasha ake tallansa cikin ƙura, a kan faranti, ana miƙa shi ta tagar mota. Hatsin kuma da kaka manomi ke sayar da tiya a wulaƙance don ya biya bashi, sai bazara ta yi ya dawo ya sayi hatsin nasa da tsada, ko ya bi layin cimaka mai rahusa ta OPVN. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, saboda jure fari da amfaninsa ga jiki. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noma shi a duniya. Duk da haka saurayin Tanut ya fi son a gan shi da taliya a hoto da a gan shi da ƙwaryar fura. Mu muka fara raina namu kafin wani ya raina mana.

Abin da na ga ya kamata mu ɗauko daga teburin Turawa abu huɗu ne, kuma babu wanda ke buƙatar bene ko gilashi. Na farko tsafta: wurin wanke hannu da sabulu, abinci a rufe, makewayi mai kyau, musamman na mata. Na biyu farashi a rubuce, don baƙo ya zauna ba tare da tsoron a ƙware shi ba. Na uku ɗanɗano iri ɗaya: dambun da ka ci ranar Litinin shi za ka tarar ranar Juma'a. Na huɗu wurin zama na mutunci, inda magidanci zai iya zuwa da iyalinsa. Ku lura, yawancin rumfunan abincinmu na maza ne zalla. Mace matafiyiya sai dai ta aika yaro ya sayo mata, ta ci a cikin mota.

Wani zai ce, ina masu sayen? Hanyar Damagaram zuwa Agadas ta cikin Tanut ta bi, motocin safa da manyan motocin kaya na tsayawa a garin kowace rana. Matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011, tana cikin ƙaramar hukumar Olelewa ne, da ma'aikatanta da direbobin tankokinta. Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011, ga ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin agaji da ake turowa. Duk waɗannan mutane suna cin abinci sau uku a rana, kuma da yawansu za su ƙara ɗari biyu ko uku a kan kwano idan sun tabbata cikinsu ba zai ɓaci ba.

Wani kuma zai ce, ga matsalar wuta, ga talauci, ka zo kana mafarki. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a gina katafaren kanti a Tanut ba. Ko a Kano, birnin miliyoyin mutane, Shoprite da ya buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 ya rufe reshensa a watan Janairun 2024, yana kuka da yanayin kasuwanci. Idan aljihun jama'a ya yi sanyi, ginin aro da abincin aro su ne ke fara faɗuwa, domin zanen aro ba ya rufe katara. Amma kilishi da cuku ba sa jiran firiji, kakanninmu sun magance wannan tun kafin a kawo lantarki. Nono da fura kuwa, firiji mai aiki da hasken rana ya ishe su, rana kuma ba ta yanke wa Damargu.

Kirana ya fi zuwa ga 'yan uwanmu da ke ci-rani. Da yawa daga cikinku a Sabha, Tarabulus, Aljas ko Legas a ɗakin girkin irin waɗannan gidajen abinci kuke aiki, kuna wanke kwanuka, kuna yanka albasa. Kun ga yadda ake auna komai a ma'auni, yadda ake rubuta abin da ya shigo da wanda ya fita, yadda ake goge wuri kafin a rufe. Wannan ilimi ya fi waya da agogon da za ku zo da su tsaraba daraja. Maimakon duk wanda ya dawo ya sayi babur ya shiga kabu-kabu, ku haɗu mutum uku ko huɗu ku buɗe rumfa mai tsafta a bakin hanya. Ku sayi cuku kai tsaye daga hannun matan da ke yin sa, ku sa shi a leda mai kyau da sunan garin da ya fito. Su kuma magadan gari, abin da ake nema a wurinsu bai wuce fili kusa da tasha, da famfo, da sassaucin haraji a shekarar farko ba.

Da muka fito daga kantin na faɗa wa ɗan kawuna duk wannan. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai da surutu, ka cinye mini jaka 25 kuma kana yi mini wa'azi." Muka yi shiru muna jiran a-daidaita-sahu. Can sai ya tambaye ni ko na san nawa ake sayar da firiji mai aiki da hasken rana a Damagaram. Na yi masa alƙawarin zan bincika kafin ranar ɗaurin aurensa. Ƙanen nasa kuwa, na roƙe shi ya kira shi ya ba shi labarin kangon nan, tun da ya riga ya nuna masa pizar.