Lambu a Bayan Aji, Kasuwa a Bakin Ƙofa

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan abin da muke ci, da abin da yaran da za mu koya wa suke ci.

A zangon da ya wuce an aike ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare da ke gefen hanyar Barikin Ladi zuwa Bukuru. Kowace safiya nakan ga motoci suna wucewa shaƙe da kabeji da karas da tumatir da dankalin Turawa. Sun nufi Jos, inda ake hada-hadar kayan lambu a kasuwar Farin Gada, waɗansu kuma su miƙa har Ikko. Amma ran da na tambayi 'yan ajina abin da suka ci jiya da dare, kusan dukansu suka ce tuwo da miyar kuka, ko ta busasshiyar kuɓewa. Iyayen waɗansunsu kuwa su ne suka noma kayan da ke cikin motocin nan. Ban ga laifin kuka ba, gama da ita aka rene ni, amma abin ya tsaya mini a rai.

Ƙasarmu ba ta rasa albarka ba. Tsaunin Jos ya ɗara mita 1,200 bisa teku, sanyinsa kuwa ya dace da kayan lambun da ba su son zafi. Ramukan da kamfanonin haƙar kuza suka bari sun zama tafkuna, manoma suna noman rani da ruwansu. Abin da ya ɓata sha'anin shi ne hanyar ciniki. Manomi yakan sayar wa dillali kayansa kwando kwando tun a gona, domin yana bukatar kuɗi a hannu, ba shi kuma da wurin ajiya. Sa'an nan mai albashi ya bi kayan har birni ya sayo su, bayan an ɗora musu kuɗin mota da ribar mutum biyu ko uku. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin motar nan ya ƙara nauyi ƙwarai. Mu ma a kwaleji haka muke. Kabejin da aka yanka kusa da mu sai ya je birni ya dawo kafin ya shiga tukunyarmu, in ma ya shiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya kamata ya ci kayan lambu da 'ya'yan itatuwa giram 400 a yini. Kowa ya dubi kwanonsa na daren jiya ya yi wa kansa lissafi. Yaron da ba ya samun bitamin A, wanda ake samu a karas da alayyafo da zogale da gwanda, dundumi yakan kama shi, cuta kuma ta yi saurin kayar da shi. Irin yaron nan ne za a ba mu a aji.

Shawarata ta fari ita ce mu yi lambu a filin da ke bayan azuzuwa, kowane aji da fangalinsa. Na san waɗansu za su ɓata fuska, na kuwa san dalili. A makarantun da muka fito, fartanya abin horo ce. Wanda ya makara, gona. Wanda ya yi surutu, gona. Yaya yaro zai so aikin da ba a taɓa ba shi ba sai ran da ya yi laifi? A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa shirin ciyar da ƙasa, aka umarci makarantu su yi gonaki, amma abin da aka yi bisa umarni kaɗai ba ya daɗewa bayan mai umarnin ya tafi. Ni a ganina, malamin da bai taɓa yin dashe da hannunsa ba, bai san lokacin da tumatir ke son ruwa ba, ba zai iya koyar da aikin gona ba sai dai a allo. Fangali guda kuwa ya isa darasin lissafi da na kimiyya gaba ɗaya: a auna tsawo da faɗi, a ƙirga kwanakin tsiro, a rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu.

Ta biyu, Shugaban kwaleji ya yarda a riƙa cin 'yar kasuwa a bakin ƙofa kowace Asabar da safe. Manoman ƙauyukan da ke kewaye da mu su kawo kayansu, su sayar kai tsaye ga iyalan malamai da ma'aikata da masu dafa mana abinci. Manomi ya sami fiye da abin da dillali ke ba shi, mai saye ya biya ƙasa da na birni. Kada a karɓi kuɗin rumfa a hannun matan da suka zo da ɗan tiren yakuwa ko rama, gama su ne aka fi nufi da abin.

Wani abokina ya ce, to, wa zai yi ban ruwa lokacin hutu, ga kuma awaki? Tambaya ce mai kyau. A ba iyalan leburori da masu gadi waɗanda ke zaune a nan dukan shekara rabonsu na fangali, su kula da namu idan mun tafi, su ci amfanin abin da ya nuna a lokacin. Awaki kuwa maganinsu shinge, zogale ma yana yin shinge, a kuma ci ganyensa. Taki akwai shi a ɗakin kaji, ana zubarwa a banza.

Mu shida a ajinmu mun riga mun haɗa kuɗin irin alayyafo da karas da albasa. Izinin fili kaɗai muke jira, muna kuwa fata a ba mu kafin damina ta ɗauke, domin mu kafa shingen tun ƙasa tana da laushi.