Rage wa'adin gidan kaso: lissafin Najeriya daban, na Nijar daban

Duk lokacin da salla ta ƙasa ta ƙarato, ta 3 ga Agusta ko ta 18 ga Disamba, sai ka ji iyalan da ke da ɗan'uwa a gidan kaso na Magarya ko na Damagaram sun fara ƙidaya da yatsu. Wani ya ce ai a kaso dare daban rana daban ake lissafawa. Wani kuma, da ya yi zaman Kano ko Maigatari, ya ce shekarar kaso wata takwas ce. Maganar dare da rana dai zancen kasuwa ne. Ta wata takwas gaskiya ce, amma a ƙetaren iyaka.

A Najeriya, wanda aka yanke wa fiye da wata ɗaya ana yafe masa kashi ɗaya cikin uku idan bai yi laifi a ciki ba. Mai shekara 3, wato wata 36, zai fita bayan wata 24. In ya yi faɗa ko ya gwada gudu, sai a zaftare masa kwanakin.

A Nijar, inda muka gaji tsarin shari'ar Faransa, hanyoyi biyu ne aka fi sani. Ta farko ita ce saki bisa sharaɗi. Wanda ya nuna halin kirki yana iya nema in ya ci rabin wa'adinsa. Wanda kuwa ya taɓa shiga ya sake komawa, sai ya ci kashi biyu cikin uku. Mai wata 36 kenan zai iya nema bayan wata 18, mai maimaici bayan wata 24. Zaman jiran shari'a ma yana cikin lissafi: in ya yi wata 10 kafin alƙali ya yanke, saura wata 8 ya cika rabi. Sai dai a lura, nema ne. Takarda ce ke tashi daga gidan kaso har ma'aikatar shari'a a Yamai, ana iya amincewa, ana iya ƙi. Wanda aka saka kuma in ya karya sharaɗi, mayar da shi ake yi ya cika sauran.

Ta biyu ita ce ahuwar shugaban ƙasa. Nan ba ɗan kaso ke tsara lissafi ba, dokar da shugaban ya sa wa hannu ce ke faɗin wa za a rage wa, kuma nawa. A watan Maris na 2020, lokacin cutar korona, shugaba Issoufou Mahamadou ya yi wa mutum 1,540 ahuwa, cikinsu har da Hama Amadou. Tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda wa'adinsu ya kusa ƙarewa aka fi dubawa. Masu manyan laifuka irin na ta'addanci akan ware su gefe.

To, ga inda gizo ke saƙar. Duka hanyoyin biyu na wanda aka riga aka yanke wa hukunci ne. Mai jiran shari'a, ko da ya fi kowa ladabi a gidan, babu wa'adin da za a rage masa, alhali irinsu ne suka cika gidajen kaso na ƙasar nan. Haka wanda ya ɗaukaka ƙara zuwa Damagaram: muddin ba a gama ba, hukuncinsa bai zauna ba. Sannan ahuwa ba ta goge diyyar da alƙali ya ce a biya wanda aka zalunta.

Saboda haka, ƴan'uwa na Guci da Dungas, da ku da ke aiko da kuɗi daga Kano, Legas ko Libiya, kafin a saida akuya a ba wani mai cewa ya san hanya, a fara sanin abu uku: ranar da aka tsare mutum, ko an yanke masa hukunci, da tsawon wa'adin. Ofishin magatakardan kotu da na gidan kaso suna da su a rubuce. In har yanzu ba a yanke ba, ƙoƙarin iyali ya karkata ga neman a sa ranar shari'a.