Idon Kyamara Idan Ya Samu Aibi

Duk wanda ya halarci walimar saukar Alƙur'ani a Wurno, ko ɗaurin aure a Rabah, ko sallar idi a Goronyo, ba zai rasa ganin wani saurayi rataye da kyamara a wuya yana kutsawa tsakanin jama'a ba, amma kaɗan ne suka san cewa babban rabo na jarin wannan saurayi yana cikin ɗan gwangwanin gilashin nan da ke gaban na'urar, wato idon kyamara, wanda idan ya samu aibi sana'ar baki ɗaya takan tsaya cik. A da, mai hoto yakan daure ya ci bashi ya sayi sabo. Amma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ɗaya ta tashi daga kimanin naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, alhali kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan idanu da ake ƙerawa a ƙasarmu, sayen sabo ya zama abin da sai mai hali. Ra'ayina shi ne, mai hoto a gabashin Sakkwato ya daina ɗaukar sabo a matsayin mafita, ya koma ga gyara da gwanjo, bisa sharaɗin a tsabtace cinikin gwanjon daga algushu.

Wajibi ne a fara da sanin illar, domin da yawa daga cikin idanun da ake jinginewa a ƙarƙashin gado ba su mutu ba. Ƙasarmu tana da maƙiya biyu ga gilashi, kowane da lokacinsa. Da hunturu ƙura ce, kuma ido mai zuƙowa, irin mai milimita 18 zuwa 55 da ake sayarwa tare da yawancin kyamarorin Canon da Nikon, duk sa'ad da aka murɗa shi ya miƙe ya koma yana shaƙar iska yana fitarwa kamar zugazugin maƙeri, ta haka ƙurar take samun hanya zuwa ciki. Da damina kuwa laima ce, musamman a garuruwan da ke bakin fadamar gulbin Rima da kewayen madatsar ruwa ta Goronyo, inda idon da aka kulle cikin jaka mai duhu yakan yi fumfuna, ta yaɗu a jikin gilashin, in an daɗe ba a lura ba ta cinye siririn shafen da masana'anta suka yi masa don hana ƙyalli, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa ko da an wanke. Sauran illolin na hannunmu ne: faɗuwa daga kan babur, da goge gilashi da bakin riga alhali akwai rairayi a kansa.

To, hukuncin waɗannan aibobi ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne jahilci yake cin kuɗin mutane. 'Yar ƙura a ciki, ko ƙarzuwa ƙarama a gilashin gaba, kusan ba sa bayyana a hoto, sai fa in an fuskanci rana. Wanda ya yar da ido saboda wannan ya yi almubazzaranci. Ƙarzuwar gilashin baya, wanda yake kusa da inda surar take sauka, ta fi tsanani. Idon da ya daina saita gani da kansa, sau da yawa wata siririyar waya ce a ciki ta tsinke saboda yawan lanƙwasuwa, kuma canza ta ya fi sayen wani ido sauƙi nesa ba kusa ba; kafin a samu mai gyara ma ana iya saitawa da hannu, kamar yadda masu hoton zamanin fim suka yi shekara da shekaru ba tare da sun ga wahalarsa ba. Amma idon da ya faɗi har gilasansa suka goce daga saiti, gefe ɗaya na hoto ya fito tas ɗaya gefen dishi-dishi, to wannan, in mai araha ne, kuɗin gyaransa kan wuce ƙimarsa, sai a haƙura da shi. Sanin yadda haske da gani suke aiki ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu, domin Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, shi ne ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne ta hanyar hasken da ke shigowa ido daga abin da ake kallo, kuma a kan wannan asali aka gina kowace kyamara.

Idan maye gurbi ya zama dole, zamani ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi rana ba da niyya ba. A 2018 kamfanonin Canon da Nikon suka fito da sabon tsarin kyamara marar madubi, mai sabon mazaunin ido, sai masu hoto a Turai da Amurka suka shiga sayar da tsofaffin kayansu, waɗanda suke kan mazaunin EF na Canon da ya fito a 1987, da mazaunin F na Nikon da ke nan tun 1959. Wani sashe na waɗannan kaya shi ne yake isowa kasuwannin Alaba da Ikeja a Legas, daga can ya haura Kano da Sakkwato. Akwai kuma na Sigma da Tamron, da na Yongnuo daga ƙasar Sin, waɗanda suka fi na asali sauƙi. Ido tsayayye mai milimita 50, wanda ba ya zuƙowa, yana cikin mafi araha kuma mafi kaifin hoto, yana aiki a ɗaki mai ƙarancin haske, ko da yake a kan ƙananan kyamarori yakan yi ƙunci wajen ɗaukar dangin ango gaba ɗaya cikin zaure. Kuma mai ƙaramar Nikon irin jerin D3000 ya sani cewa kyamararsa ba ta da injin saita gani a jikinta, don haka tsohon idon da ba shi da nasa injin zai hau, amma da hannu za a saita shi.

Inda mas'alar take da nauyi shi ne amana. Mai hoto a Goronyo ba ya iya tashi zuwa Kano don kowane ƙaramin abu, ga tsadar mota ga halin da hanyoyin gabashin Sakkwato suke ciki na rashin tsaro, saboda haka yakan ga hoton kaya a waya, ya tura kuɗi, direba ya kawo masa, ya buɗe ya tarar da fumfuna ko ƙofar haske da ta cije, mai kaya kuwa ya ce an riga an yi ciniki. Wannan ɗabi'a ba ta da gurbi a fiƙihun da ake karantarwa a zaurukanmu. Malaman Malikiyya sun halatta ciniki bisa zaɓi, wato mai saye ya riƙe kaya ɗan lokaci ya jarraba, kuma Muhtasar na Halil ya ƙayyade misalin wata guda ga gida da kwana uku ga dabba. Sun kuma ba mai saye haƙƙin mayar da kaya idan ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa. Me zai hana a yi wa idon kyamara kwana uku? Sun isa mutum ya haska tocila ta cikinsa ya duba, ya murɗa zobbansa ya ji ko suna cijewa, ya ɗauki hoton bangon bulo ya ga ko kusurwoyi huɗu sun fito daidai. Mai hoto ɗaya ba zai iya tilasta wa ɗan kasuwa wannan sharaɗi ba, amma idan masu hoton Wurno da Rabah da Goronyo suka haɗa kai, suka yi adashi, suka wakilta mutum ɗaya masani ya riƙa saya musu a wurin wanda ya yarda da sharaɗin, ɗan kasuwa zai yarda, domin ciniki goma ya fi masa ɗaya.

Saura mai gyara. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a ribaɗin Wurno ya rasu a can a 1837, ya yi wa Umaru Dallaji na Katsina nasiha a cikin Usulus Siyasa cewa shugaba ya kula da masu sana'a, ya tabbatar kowane gari yana da nasa. Yaran da ke buɗe wayoyin hannu a kasuwannin waɗannan garuruwa suna da hannu da haƙuri da ƙananan sukudireba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai nuna musu yadda ake kwance gilasai a mayar da su bisa jerinsu. Kwas na 'yan watanni a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato zai wadatar, kuma matattun idanun da masu hoto suka jingine su ne kayan koyo, su ne kuma za a riƙa ciro wa wasu safaya daga jikinsu.