Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Sharhi kan Na'urorin Makafi



Ina roƙonku, kafin ku yanke wa manhajar masu lalurar gani hukunci, ku zauna da ita har ku iya ta. Mai sauraronku da maganarku zai yi ciniki, kuma sau da yawa kuɗin gudunmawar dangi ne.

Ku dubi VoiceOver, manhajar karanta allo wadda Apple ya saka a iPhone 3GS a 2009. Idan an kunna ta, taɓawa ɗaya karanta abu kawai take yi. Sai an ƙwanƙwasa sau biyu yake buɗewa, kuma da yatsu uku ake jan shafi. A TalkBack ta Android kuwa da yatsu biyu ne. Wanda bai san wannan ba sai ya ce waya ta sanƙare, alhali hannunsa ne bai saba ba.

Haka NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta wadda Michael Curran ya fara a Ostireliya a 2006. A shafin intanet, danna H na tsallaka da mutum daga wannan kan magana zuwa na gaba, amma a gurbin rubutu harafin kawai za ta rubuta. In kuka kushe ta a kan haka, ɗalibi makaho zai bar abin kyauta ya nufi manhajar JAWS mai tsada, wataƙila ba ya ma buƙatarta. Wannan yana min ciwo ƙwarai.

Don Allah ku rufe allon gaba ɗaya ku yi aikin gaske: ku tura kuɗi, ku cike fom. Ku faɗi sigar da kuka gwada, sannan ku ba makahon da ya daɗe da na'urar ya duba sharhin kafin ku fitar.