Kafin ka zuba 'yan haya a gidanka na farko

Mai karatu, in Allah ya hore maka ka gina ɗakunan haya a Agege, kafin lissafin kuɗi fara auna tazarar rijiya da ramin masai. A bar mita 30 tsakaninsu. In sun matsu, da damina ƙazanta kan tsiyaya cikin ruwan sha, taifot da kwalara su kwantar da yara, 'yan haya su watse.

Janareta kuwa a waje, nesa da taga. Gubar hayaƙinsa kan kashe iyali guda suna barci. Sa wannan sharaɗi cikin takardar yarjejeniya.

Tanadi kuɗin gyaran da kanka, domin dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya.